Zuwa ga Kawu, daga Ostin ta Jihar Teksas

Kawu, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Allah ya ƙara girma.

Ka ce in riƙa ba ka labarin abin da ya bambanta nan da gida, ban da wuta da titi da kowa ya sani. To yau na ɗauko maka laburaren jiha da ma'ajiyar takardun tarihi ta Teksas. Ginin yana daura da majalisar dokokin jihar, kuma ba a karɓar ko sisi a ƙofa. Da shigarka zaure za ka tarar da akwatunan gilashi, an shimfiɗa tsofaffin wasiƙu da taswirori da hotuna, kowane da ɗan bayani a gefe. Lokaci zuwa lokaci sukan kwashe su sa wasu a kan wani maudu'i dabam, su kuma ɗora su a intanet. 'Yan makaranta na zuwa ayari-ayari da malamansu. Akan gayyaci marubuta da masana su yi lacca, kowa ya shiga.

Abin tinƙahonsu shi ne zamanin da Teksas take ƙasa mai cin gashin kanta, daga 1836 zuwa 1845. Suna riƙe da wasiƙar da kwamanda William Travis ya rubuta ran 24 ga Fabrairu 1836 yana neman ɗauki, sojojin Meziko sun yi masa ƙawanya a sansanin Alamo. Ta ainihin ba kasafai ake fito da ita ba, don haske na cin tawada. Akwai ma labarin da zai ba ka dariya. A ƙarshen 1842 shugaba Sam Houston ya tura mutane su kwashe takardun gwamnati daga Ostin. Wata mai masauki, Angelina Eberly, ta hango ana loda su a keken shanu cikin dare, sai ta harba igwa. Mutanen gari suka bi sawu suka ƙwato kayansu, don sun san in takardu suka tafi, hedikwata ta tafi ke nan. Yau gunkinta na tsaye a babban titin birnin, tana kunna igwar.

Ɗakin bincike ya fi zauren burge ni. Ka nuna katin shaida a yi maka rajista, ka kulle jakarka a loka. Ba a shiga da biro, fensir kawai. Ka rubuta lambar abin da kake so, ma'aikaciya ta turo maka kwalaye a kan ɗan keke, ka buɗe fayil ɗaya ka gama ka mayar kafin ka taɓa na biyu. Ba wanda ya tambaye ni wa ya aiko ni, ba wanda ya ce in dawo gobe mai makulli ya fita. Kai ma ka san yadda irin wannan takan ƙare a wasu ofisoshinmu.

Yawancin waɗanda nake tararwa masu neman asalinsu ne, har bita ake shirya musu kan yadda ake bin sawun kakanni. Nan ne jikina ya yi sanyi. A ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan ubangida. Ba a shelanta 'yancin bayin Teksas ba sai ran 19 ga Yuni 1865, a Galbeston. Shi ya sa baƙar fata da yawa, in suka bi baya, rajistar masu zaɓe ta 1867 ko ƙidayar 1870 ce wurin da suke fara cin karo da sunan kakansu. Mu a gida tsohuwa za ta jero maka kaka da kakanni tana tsinke zogale. Su dole sai takarda.

Wani aikin da na so a ce muna da irinsa shi ne na makafi da masu raunin gani. Ana ba mutum aron na'urar sauraro, a riƙa aiko masa da littattafan da aka karanta aka naɗa ta gidan waya, ya gama ya mayar ba tare da sayen kan sarki ba. Tsarin tarayya ne tun 1931, jihar ke gudanar da nata kason.

Kada ka ɗauka kyauta ce daga sama, harajinmu ne, kuma muna jin zafinsa a aljihu. Lokacin buɗewarsu ma ya yi daidai da lokacin aikin irinmu, ga wurin ajiye mota a tsakiyar birni sai ka biya.

Ta fuskar kayan kuwa ba su fi mu ba. Rubuce-rubucen malaman jihadin 1804 sun girmi jamhuriyar Teksas ɗungurugum, ga abin da ke Gidan Arewa da ma'ajiyar ƙasa ta Kaduna, ga wanda ke hannun iyalai. Tazarar tana wurin kulawa da jawo jama'a su zo su gani.

Saboda haka ina roƙon alfarma game da akwatin takardun ajami na marigayi Malam. A ɗaga shi daga ƙasa kafin damina, a raba shi da bango. Kada a liƙe yagaggu da salatif, kada a kai su a rufe da roba mai zafi, duka biyun ɓata takarda suke yi. A sa yaran nan su ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa, bi da bi yadda suke a jere, su turo mini. Kuɗin data na wuyana.

A gaida Inna da kyau.