Matan begen da muka ɗauka walimar ƙanwata a Garwa

Duk mai shirin ɗaukar matan nan masu bege na unguwar Hausare da ke Garwa a Kamaru, ta karanta wannan kafin ta tura kafin alƙalami. Mu muka ɗauke su walimar auren ƙanwata, don Baba ya ce ganga ko DJ ba za su shigo masa gida ba. Kuɗinsu kowa ya sani.

Murya kam akwai ta. Ba sa zuwa da mandiri ko ƙwarya, tafi ma sai jefi-jefi. Da lasifika aka fara, ita kuwa sai kuwwa take yi, ban ji wani abin a zo a gani ba. Ana tsakiyar bege na biyu wuta ta ɗauke. Ga Afrilu, kun san Garwa, zafi ya haura 40. Fanka ta tsaya, janareton aro ya ƙi tashi, mata suka fara fifita da gefen gyale suna laluben takalmi. Na ce shi ke nan, taro ya watse. Jagorarsu ko gezau. Ta ajiye makirfo a tabarma, ta yafito sauran suka matso kafaɗa da kafaɗa.

Sai a lokacin muka ji abin da lasifika ta danne. Amshin da muka saba da shi, tun daga gaɗa har amada, zabiya ta bayar, kowa ya karɓa da murya ɗaya. Waɗannan sun kasu uku. 'Yan mata biyu suna can sama da siririyar murya, na tsakiya suna riƙe da kalmomin, wata dattijuwa kuma tana ƙasa, da ƙyar take buɗe baki, amma muryarta a ƙirji kake jin ta. Kafin jagora ta sauke baiti sun riga sun shigo, ba ka gane inda wata ta ja numfashi. Irin wannan rabon murya sai dai in ka bi ta gefen coci ranar Lahadi, ban taɓa jin sa a bege ba. Tsigar jikina ta tashi, wallahi. Dangin ango Fulanin Marwa ne, tun zuwansu suke zaune gefe kamar baƙin kunya. Da matan suka lura sai suka juya baitin zuwa Fillanci, ai kuwa uwar ango ta fara amsawa tana share hawaye. Goggo, da take malamar Islamiyya, ta raɗa min cewa haka jajin Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wato matan da ta horar su koyar, suke kai waƙoƙinta ƙauyuka da baki kawai, ita ma da Fillanci da Hausa da Larabci ta rubuta su, har ta rasu a 1864. Da wuta ta dawo, mata da kansu suka hana a kunna lasifikar.

Da a ce nan abin ya tsaya, da na ce ku ɗauke su ido rufe. To amma an yi da su bayan azahar, sai da aka idar da la'asar suka iso, shinkafa ta huce, ko haƙuri babu wadda ta bayar. Kuma da aka fara liƙi sai bege ya koma kirari. Duk wadda ta zaro jaka biyar sai a yanke yabon Manzon Allah a tsakiya, a shiga jero sunan mijinta da kakanninta. Wannan ya ƙona min rai, kuma muryoyin nan uku duk suka rushe, kowa ido na kan faranti.

Da za su tafi jagorar ta tare ni a zaure. “Hajiya, kuɗin babur fa?” Na ce, “Inna, ai yana cikin abin da na turo ta Orange Money.” Ta ce wancan na zuwa ne, na komawa daban. A gaban baƙi ba zan tsaya ja-in-ja da sa'ar uwata ba, na biya.

Saukar Alƙur'anin ɗana na tafe bayan babbar salla, Goggo ta nace sai su. Zan kira su, amma da sharaɗi: babu lasifika, liƙi sai an gama bege, kuɗin babur kuma a faɗe shi a saƙon murya tun yanzu.