Manhajar YouVersion: za ta isa koya wa matashi Littafi Mai Tsarki a gida?

Iyaye Kirista a Zuru da Yawuri masu koya wa 'ya'yansu nassi a gida za su iya farawa da wannan manhaja ta karanta Littafi Mai Tsarki a waya, tunda kyauta ce kuma tana da fassarar Hausa. Inda ta fi amfani shi ne jera fassara biyu: yaro ya karanta aya da Hausa, ya duba ta da Turanci. Wannan na da muhimmanci, domin jarrabawar WAEC da Turanci ake rubuta ta. A sauke fassarar Hausa cikin waya tun akwai data, kada sabis ya ɗauke a tsaya cirko-cirko.

Sai dai ba manhajar karatu ba ce mai aji-aji. Tsare-tsaren karatunta galibi da Turanci suke, da yawansu na 'yan kwanaki ne, kuma ba ta gwada ko yaro ya fahimta. Ɗan shekara 14 zai iya danna alamar ya gama alhali bai karanta ko layi ba, ga WhatsApp na leƙowa.

Don haka uwa ko uba su tsara da kansu. A fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kawai: sura biyu a mako, wata biyu an sauke. Minti 30 bayan cin tuwon dare ya wadatar. Yaro ya rubuta amsar tambaya uku da iyaye suka yi masa a littafin rubutu, ya haddace aya ɗaya, ranar Asabar a yi bita. Kada a soma da Littafin Firistoci, nan yara ke karaya. Daga Markus a wuce Ayyukan Manzanni, sura 28.