Gajerun awakin kudu a ƙaramin gida: abin da na gani da na kiwata su

Duk wanda tsakar gidansa ba shi da faɗi, kuma yana zaune a inda damina ke da ƙarfi kamar nan Lafiya, gajerar akuyar kudu za ta fi masa jar akuya sauƙin riƙo. Amma idan madara yake nema, ya adana kuɗinsa. Na fara da wannan ne saboda bidiyoyin da ke yawo a Facebook, na wasu ƙananan awaki masu hantsa cike, wasunsu har da shuɗin ido, da ake kira Nigerian Dwarf. Jin sunan Najeriya ya sa mutane na zuwa kara suna zaton irinsu za su samo.

Ba su ba ne, duk da cewa tushensu ɗaya. A ƙarni na 20 aka riƙa kai gajerun awakin Afirka ta Yamma gidajen namun daji na Turai da Amurka. Daga baya masu kiwo a Amurka suka yi ta zaɓar na haɗawa har suka fitar da iri biyu. Na farko shi ne Pygmy, mai gajerun ƙafafu da faɗin ƙirji, ga ciki kamar randa. Yawanci don sha'awa da gasar nuni ake ajiye ta, kuma tun 1975 masu kiwonta ke da ƙungiya. Na biyun, Nigerian Dwarf, siririya ce mai ƙirar akuyar madara. Bunsurunta ba a son ya wuce santimita 60 a kafaɗa, macen kuwa ana tatsar kimanin lita guda a rana, madara mai maiƙo sosai. A 2005 babbar ƙungiyar masu awakin madara ta Amurka ta fara yi mata rajista. Tamu ta gida, wadda ba wanda ya taɓa zaɓarta don tatsa, ta fi kama da Pygmy.

Nawa a kara na saye su, baƙa da mai roɗi-roɗi. Tsayinsu iya gwiwata ne, kuma irin nan bai cika wuce santimita 50 ba, nauyi kilo 20 zuwa 25. Abin da ya fara burge ni shi ne cinsu. Dusa kaɗan, harawa, ganyen mangwaro da ɓawon rogo sun ishe su, kuma ba sa ramewa. Ɓawon rogon dai a shanya shi ya bushe tukuna, ɗanyensa yana da guba.

Wajen haihuwa na fi yaba musu. Ciki wata biyar ne kamar kowace akuya, amma tagwaye a wurinsu ba abin mamaki ba ne, a kan samu 'yan uku ma. Baƙar ta haihu da asuba ba wanda ya taimaka mata. Kafin a sauko daga masallaci ta lashe 'ya'yan tas, suna tangaɗi suna laluben nono. Ga juriyar sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda ke kassara awakin arewa idan aka kawo su yankin kurmi. Tsutsar ciki ma ba ta kayar da su da wuri, ko da yake ban fasa ba su magani a farkon damina ba.

Sai dai kada juriyar nan ta ruɗi kowa. Annobar awaki da tumaki da malaman dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, ta fi yi wa gajerun nan mugun kamu. Na ga maƙwabci ya sayo akuya guda ya sake ta cikin garkensa ranar, kafin sati biyu turakunsa sun zama wayam. Abin ya taɓa ni, don da su yake biyan kuɗin makarantar yara. Allurar rigakafin tana nan, cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yin ta, kuma kuɗinta bai kai na akuya ɗaya ba ko kusa. Sabuwar dabba kuma a ɗaure ta gefe na 'yan makonni kafin ta shiga cikin sauran.

Ɓarna akwai ta. Duk kafar da kanta ya shiga, jikinta zai bi, don haka shinge mai faɗin ido ba ya tsare ta. Madara kuwa iyakacinta 'ya'yanta. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ina ganin jar akuya ta fi masa: ta fi girma, ana tatsarta, kuma majema na neman fatarta.

A kara a kula da dillalan da ke miƙo ƙaramar akuya da ba ta gama girma ba, ko wadda yunwa ta tsumburar, su ce gajera ce. A buɗe bakinta a duba haƙoran ƙasa. Idan duk ƙanana ne na nono, da wuya ta wuce shekara, kuma tana iya ƙara tsayi. Idan manyan haƙora huɗu ko shida sun fito alhali tana nan iya gwiwa, ƙafafu gajeru, jiki a murje, to ita ce, a yi ciniki.