Binciken rigakafin gobara a shago: me yake tsinanawa a Damagaram?

Yawancin mutane ba sa tuna ƴan kwana-kwana sai hayaƙi ya turnuƙe, a kira lamba 18. Alhali aikinsu da ya fi amfani ga mai shago, mai gidan abinci ko shugaban makaranta shi ne wanda suke yi tun wuta ba ta tashi ba: jami'in rigakafi ya zo ya duba gini, ya rubuta abin da ya gani. Ra'ayinmu a taƙaice, ziyarar ta cancanci a nema, musamman kafin hunturu, amma darajarta ta dogara ga wanda ya zo da kuma abin da aka yi bayan tafiyarsa.

Jami'in kirki ba kaki kaɗai ne shaidarsa ba. Ana so ya taɓa riƙe mesa a gaban wuta, sannan ya yi horo na musamman kan rigakafi: karanta zanen gini, ƙiyasta yawan mutanen da ɗaki zai ɗauka, sanin yadda hayaƙi ke tafiya, da fahimtar lantarki da gas. Ka tambaye shi takardar aikinsa, ba rashin ladabi ba ne. Idan an biya wani kuɗi, a karɓi rasit.

Inda ziyarar ta fi ƙarfi shi ne lantarki, kuma a nan ya kamata ya fi daɗewa. Zai fara daga kwantar, wato mitar wuta, ya bi waya har inda ta ƙare. Wayar fitilu kaurinta milimita murabba'i 1.5 ne, ta wurin jona kaya 2.5. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce a ja siririyar waya zuwa firigo, ko a tara firigo biyu da dutsen guga da butar dafa ruwa a kan abin jona kaya guda. Mai kyansa ma bai wuce wat 3,500 ba a kan wutarmu mai bolt 220, na araha kuwa tun kafin nan ya fara narkewa. Zai taɓa dijontar, wato na'urar da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa, ya ji ko da zafi, ya duba ko ƙarfinta ya dace da wayar. Dijontar mai amfiya 32 a kan wayar 1.5 ba za ta faɗi ba sai wayar ta ƙone, domin ita a wajenta nauyin bai kai ba. Zai kuma nemi inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da leda. Irin wannan haɗin yakan saki, ya yi ta ɗumi a hankali a bayan kwali. Ga kuma matsalar ɗauke wuta: a rufe shago an bar komai a kunne, wuta ta dawo tsakar dare ba kowa. Jami'in da ya san aikinsa zai ce a sa makunni guda kusa da ƙofa mai kashe komai ban da firigo.

Tulun kashe gobara ma yana shan bincike. Mai hoda na kilo 6, wanda aka rubuta wa ABC, shi ya dace da yawancin shaguna, don yana kashe wutar katako, ta fetur da ta gas. Allurarsa ta tsaya a kore, fil da hatiminsa suna nan, takardar dubawar shekara ba ta wuce lokaci ba. Hodar takan dunƙule idan tulun ya daɗe a ajiye, shi ya sa ake kifa shi a saurara ko tana zubowa. A rataye shi kusa da ƙofa, hannunsa kada ya wuce mita 1.20 daga ƙasa, ba a ɓoye shi bayan buhunan shinkafa ba. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne feshinsa na kusan daƙiƙa 15 ne kawai, don haka gindin wuta ake nufa, ba harshenta ba. Mai iskar CO2 ya fi dacewa da wurin kwamfutoci, shi ba shi da allura, a sikeli ake gane ko ya rage. Kaskon mai idan ya kama, murfi ake kifawa a kashe gas. Ruwa kam haramun ne a nan.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya. Za a shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko zai yi kumfa, a karanta ranar ƙarewar tiyo, a tabbatar tukunyar tana tsaye nesa da murhu. Fetur na kwalba da jarka ba a kwana da shi cikin shago, janareto kuma a waje yake zama, ba a zuba masa mai yana aiki.

Batun ƙofofi gajere ne amma ba sassauci. Faɗin mafita kada ya kasa santimita 90, wurin da ke tara mutane da yawa yana buƙatar biyu, masu buɗewa waje, ba kwaɗo a jiki muddin akwai mutum a ciki. Gobarar azuzuwan zana ta Yamai a watan Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, sun ci rayukan yara da dama. Duk mai makaranta ya sa wannan a ransa, ya nemi a auna masa tazarar rumfuna da faɗin mafita.

Raunin ziyarar kuma a fili yake. Ziyara ta yini ɗaya ce, washegari wani ya ƙara waya ko ya toshe hanya da kaya. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin jami'i guda. Motar kashe gobara tana buƙatar hanya mai faɗin mita 3 aƙalla, kuma duk wanda ya san lungunan Birni ko layukan kasuwar Dole ranar Alhamis ya san ba ko'ina za ta shiga ba. Tankinta na kusan lita 3,000 zai ƙare cikin minti 6 idan ana fesa lita 500 a minti, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa lokacin bazara. Wannan sai ƴan kasuwa sun haɗa kai da ofishin magajin gari: a buɗe layuka, a tanadi tankin ruwa da bokitan yashi.

Kada ka yarda da bincike na baki. Ka nemi rahoto a rubuce, mai kwanan wata da sa hannu, wanda ya ware gyaran gaggawa da wanda zai iya jira, da ranar da za a dawo a duba. Mai sabon gini ya kira jami'in tun kafin a yi filasta, lokacin da wayoyi suke a fili kuma ƙara ƙofa bai buƙaci rusa bango ba. Kafin jami'in ya tafi, ya tara yaran shago ya nuna musu yadda ake zare fil da inda ake kashe wuta, kowa ya riƙe tulun da hannunsa.