Me Ya Kamata a Saya wa Mai Ciwon Gwiwa Domin Ya Ci Gaba da Motsa Jiki?

Duk wanda yake da mahaifi ko mahaifiya mai fama da amosanin gaɓɓai a ƙauyukan Kano da Jigawa ya san yadda kuɗin gida yake ƙarewa a kan ƙwayoyi da man shafawa, alhali gwiwar tana nan yadda take, ko ma ta ƙara sandarewa. Abin da ba a cika kashe wa kuɗi ba shi ne kayan da za su sa mara lafiyar ya miƙe ya taka ƙafarsa, kuma a ganina nan ne ya kamata kuɗin ya fara zuwa. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwa idan ya cinye ba ya komawa yadda yake, amma tsokar cinya da ke riƙe gwiwar tana ƙara ƙarfi ko da mutum ya haura shekara 70, kuma gwargwadon ƙarfinta gwargwadon sauƙin da gwiwar take samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta buƙaci baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka na kwana 2, kuma ba ta cire masu daɗaɗɗen ciwo daga ciki ba, sai dai kowa ya yi iya ƙarfinsa. Wannan yana nufin minti 30 sau 5 a mako, wanda ana iya rarraba shi minti goma-goma, kamar tattakin zuwa masallaci da dawowa.

A fara da takalmi, domin tafiya ita ce motsa jikin da ba ya buƙatar wutar lantarki ko kuɗin mota. Silifas yana da araha da sauƙin cirewa wurin alwala, amma ba ya riƙe dunduniya, ga shi yana santsi a taɓo, kuma faɗuwa ɗaya ga tsoho tana iya jawo karaya. Kambas mai taushin ƙasa, wanda yake kama dunduniya ya bar wa yatsu sarari, ya fi shi nesa ba kusa ba. Na gwanjo irin wanda ake samu a Ƙofar Wambai yana wadatarwa, muddin aka juya ƙasansa aka duba: idan gefe ɗaya na dunduniyar ya cinye fiye da ɗayan, to, a bar shi, domin zai karkatar da ƙafar wanda ya sa shi. Wanda zafi ya hana shi sa rufaffen takalmi, ya nemi sandal mai maɗauri ta baya. Zai fi kyau a je da mai ƙafar ya gwada da yamma, lokacin da ƙafa take ɗan kumbura, maimakon a saya masa da ƙiyasi.

Sanda ita ce ta biyu, kuma a kanta aka fi yin kuskure. Akwai gora ko kwagiri na katako da ake samu a kasuwannin mako irin su Wudil da Maigatari, akwai kuma sandar ƙarfe mara nauyi mai ramuka da ake ƙara mata tsawo ko a rage, wadda ake sayarwa a shagunan kayan asibiti. Ta katako ba ta da laifi ko kaɗan idan aka yanke ta daidai da mai ita. Yadda ake aunawa shi ne, mutum ya miƙe tsaye sanye da takalmin da yake tafiya da shi, ya saki hannunsa a gefe, sai a kife sandar, mariƙin yana ƙasa, a sa alama daidai wuyan hannunsa, kafinta ya datse daga nan. Idan ya riƙe ta, gwiwar hannunsa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, kafaɗarsa ba za ta ɗaga ba. Daga nan sai a sa mata roba a gindi, a kuma sayi robar guda biyu ko uku, domin tana cinyewa, kuma sandar da robarta ta cinye ta fi rashin sanda haɗari a kan siminti. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne hannun da ake riƙe ta da shi. Idan gwiwar dama ce take ciwo, da hagu ake riƙewa, a miƙa sandar tare da ƙafar mai ciwo a lokaci ɗaya, ta yadda nauyin zai rabu tsakaninsu. Iyaye mata da yawa suna jin nauyin fita da sanda, suna ganin kamar an yi shelar tsufansu. Irin wannan lallashi yake buƙata, a ce mata, “Inna, ki riƙe ta ko iya zuwa gidan Yaya ne, idan ba ki ji sauƙi ba ki ajiye.”

Wanda aka yi wa aikin canjin gwiwa, kamar yadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala, lamarinsa daban ne. A makonnin farko yakan buƙaci ƙarfen dafawa mai ƙafa huɗu, kafin ya koma sanda. Wannan ƙarfe iri biyu ne, mai taya a gaba da wanda ba shi da ita. A tsakar gida mai yashi, ko inda akwai dokin ƙofa mai tudu tsakanin ɗaki da zaure, tayar nutsewa take yi ko ta maƙale, saboda haka mara taya ya fi dacewa da yawancin gidajenmu. Tun da amfaninsa na ɗan lokaci ne, aro daga wanda ya warke ya fi saye, sai dai a girgiza shi a tabbatar babu inda ya kwance. Kuma kada a sayi komai don wanda aka yi wa aiki sai likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ya amince; akwai su a Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Sai keke, wanda nake ganin ya fi kowane abu cancantar a yi tanadin kuɗi dominsa. Tuƙa keke yana lanƙwasa gwiwa yana miƙe ta sau ɗaruruwa ba tare da nauyin jiki ya hau kanta ba, tun da mutum a zaune yake a kan sirdi. Zaɓi uku ne a nan. Keken hawa na yau da kullum yana da ribar cewa yana kai mutum gona da kasuwa, ga masu gyaransa a kowane gari, amma burji da yashi suna sa a danna feda da ƙarfi, kuma haɗarin faɗuwa yana nan. Keken motsa jiki na girke, wanda ba ya zuwa ko'ina, ya fi aminci, kuma matan da ba sa fita za su iya hawansa a cikin gida, sai dai yana da tsada, kayan gyaransa kuma sai birni. Na ukun shi ne a kai tsohon keke wurin mai walda ya yi masa mazauni mai faɗin gindi wanda zai ɗaga tayar baya daga ƙasa ya riƙe ta gaba gam. Wannan ya fi araha, kuma ga wanda yake farawa yana isa, amma sai wani mai lafiya ya fara hawa ya jijjiga shi sosai kafin a ɗora tsoho. Ko wanne aka zaɓa, a ɗaga sirdin yadda idan feda ta sauka ƙasa gwiwar za ta kusa miƙewa, domin gajeren sirdi shi yake ƙara ciwo. Wanda aka yi wa aiki kuma gwiwarsa ba ta gama lanƙwasuwa ba, yakan fara ne da kai fedar gaba da baya rabi-rabi har ranar da za ta zagaya.

Kujera ba a cika ɗaukarta a matsayin kayan motsa jiki ba, amma ita ce. Kujerar katako mai hannu, wadda tsawonta ya kai daidai gwiwa ko ya ɗan fi, tana ba mutum damar yin atisayen tashi da zama sau 10 a jere, wanda yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfafa cinya. Ta roba takan baje ƙafafu idan ta sha rana, 'yar tsugune kuwa tashi daga kanta wahala ce. A kan wannan kujerar zai iya yin sallah idan sujada ta gagara, kamar yadda hadisin Imrana ɗan Husaini ya halatta wa wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune. Haka nan a yi tunanin masai: tsuguno mai zurfi yana wahalar da mai amosani, kuma yakan gagari wanda aka canja wa gwiwa, don haka kujera mai huda a tsakiya da za a ɗora a kan ramin tana cikin abin da kafinta zai haɗa tun kafin a dawo daga asibiti.

Robar atisaye da ake ja da ƙafa ba sai an saya ba, domin tsohuwar robar cikin tayar keke daga wurin mai faci tana yin aikin, haka ma safa da aka cika da yashi aka ɗaura a idon sawu. Safar gwiwa mai matsewa tana ba wasu ɗumi da natsuwa wurin tafiya, amma ba ta gyara gaɓar, kuma idan ta matse har ƙafa ta kumbura a cire ta. Injin gudu da na'urorin tausa masu aiki da lantarki ba na ba da shawarar a saye su a karkara: suna cin kuɗi, suna jiran wuta, na tausar kuma a kwance yake barin mutum. Motsa jiki a cikin ruwa yana da amfani ƙwarai ga gwiwa, amma kududdufi da fadamun yankin Haɗeja ba wurinsa ba ne, saboda cutar tsargiya da santsin laka, balle ga wanda ɗinkinsa bai gama warkewa ba.

Bayan an saya, a fara da minti 5 zuwa 10, da sanyin safiya ko bayan la'asar, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Ɗan tsami da gajiya ba abin tsoro ba ne, amma idan ciwon ya ƙaru kuma ya wuce awa 2 bayan an gama, washegari a rage, kada a daina gaba ɗaya. Wanda aka yi wa aiki ya guji gudu da tsalle, kuma idan ya ga sharaɓarsa ta kumbura tana zafi, ko ɗinkin yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko numfashinsa yana sarƙewa, a nemi mota a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ranar da aka rubuta masa ya koma.