Faifai mai kamar toka: Astrogranite ko garin simintin tayil?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana haɗa rundunar Warhammer 40,000 (wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba), sojoji 40, kowanne a tsaye kan faifai mai faɗin milimita 32, yana so ƙasan ya fito kamar filin da gobara ta cinye. Tambayarsa: ya sayi fentin Astrogranite na Citadel (tambarin fentin masu wasan), ko ya haɗa nasa a gida?

Malam, fara duba girman ƙwayar abin da za ka shimfiɗa. Waɗannan 'yan sojoji sun gaza mutum girma kusan sau 56, don haka ƙwayar rairayi mai milimita 1 daidai take da dutse mai kusan santimita 5 da rabi a ƙafarsu. Shi ya sa rairayi da gam ke ba da tsakuwa, ko da an yi masa fenti ruwan toka. Ita toka laushi ne da ita.

Astrogranite kwaɓaɓɓen fenti ne mai tsaki-tsaki, ya zo da launinsa, a 'yar roba mai mililita 24. Ka ɗebo da tsinken sakace ko 'yar faffaɗar roba, ka baza kaurin milimita 1, ka kewaye ƙafafun sojan. Kada ka sa buroshinka mai kyau, zai kashe masa baki. Siriri yakan bushe cikin awa guda, mai kauri a bar shi ya kwana. Yana kama roba sosai, ba ya ɓarewa. Aibinsa biyu: yana tsukewa idan ya bushe har tudun da ka yi ya lotsa, kuma tsakinsa ya fi kama da burji. A sojoji 40 roba ɗaya da wuya ta isa.

Garin simintin cike tsakanin tayil, wanda ba a gauraya da yashi ba, shi ya fi kusa da toka a ido. Sai dai yana da aiki. Ka kankare saman faifan da sanfefa tukuna, domin siminti ba ya riƙe roba mai santsi. Duk wanda ya tsallake wannan zai ga shimfiɗar ta ɗago gaba ɗaya kamar ƙanzo. Ka dama farin gam na kafinta da ruwa, kashi ɗaya-ɗaya, ka shafa, sannan ka tankaɗe garin a kai da rariyar shayi. Ka rufe hanci, ƙurar na ƙona maƙogwaro. Bayan minti 10 ka kifa faifan ka ƙwanƙwasa, abin da bai kama ba ya zube. Sai ka ɗiga gam da aka tsinka, kashi 1 cikin ruwa kashi 3, da ɗigon sabulun wanke-wanke guda don ya ratsa garin. In ba sabulu, ɗigon zai dunƙule ya mirgina ya bar rami. Ya kwana, gobe ka fesa baƙin fentin shimfiɗa, in ba haka ba garin zai yi ta shan fenti yana fitowa dabbare-dabbare.

Wajen fenti kuwa hanyar ɗaya ce. Kada ka haɗa baƙi da fari kawai, sakamakonsa launin kankare ne mai ɗan shuɗi. Ka ƙara ɗigon fenti ruwan ƙasa. Bayan launin farko mai duhu, tsinkakken fenti ruwan ƙasa Agrax Earthshade ya fi baƙin Nuln Oil dacewa, saboda yana ba da alamar ƙuna. In ya bushe ka shafa fenti ruwan toka Dawnstone da busasshen buroshi, wato ka goge fentin a kan tishu har ya kusa ƙarewa, sannan Administratum Grey, ruwan toka mai haske, a kan tudun kawai. A kan Astrogranite wannan shafar na fitowa fes. A kan siminti sai da hannu mai sauƙi, don babu tsakin da zai kama.

Abin da ke kammala kamannin tokar shi ne garin launi, ko allin zane da aka goga a sanfefa. Ka fara fesa banish marar ƙyalli, garin ya biyo baya, domin banish na dusashe shi. Ka barbaɗa har kan takalman sojan, ka taɓa gefe da buroshi mai ɗigon sifirit ya zaunar da shi.

Tokar murhu ta gaske fa? A bar ta a kicin. Sinadarin da ya sa ake tace ta a zuba a miya yana jan laima, kuma da ta haɗu da gam sai ta zama baƙin taɓo.

Ga sojoji 5 ko 10, Astrogranite ya ishe ka. Ga 40, siminti ya fi araha kuma ya fi kama da abin da kake nema. Ka gwada a faifai biyu marasa soja kafin ka taɓa rundunar.