IReV: na ga sakamakon rumfarmu a wayata

Ranar zaɓen gwamnoni, 18 ga Maris 2023, sai da na tsaya aka ƙirga ƙuri'un rumfarmu, na rubuta su a bayan katin biki. Da daddare na buɗe shafin IReV na hukumar INEC, inda ake ɗora sakamakon zaɓe, na zaɓi jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfarmu, sai ga hoton takardar EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, da sa hannun wakilan jam'iyyu. Alƙaluman sun yi daidai da nawa. Wallahi har na kira Baba ya gani, shi da a da sai dai ya jira rediyo.

Na san an samu tsaiko wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa a Fabrairu, hukumar ma ta amsa. Fatana a gyara, a kuma sa Hausa a shafin, don Baba ya iya dubawa da kansa.